Hurde Mai Jan Bargo

A wani ƙauye da ke can saman tsaunuka, wanda ake kira Tudun Gwaza, an taɓa yin wani doki mai suna Hurde. Sanyin garin nan ba irin na ko'ina ba ne. Sai mutanen gangare sun daɗe da ninke bargunansu sun koma kwana a tsakar gida, su kuwa mutanen Tudun Gwaza suna nan suna jin ɗumi da asuba.

Hurde saurayin doki ne ƙaƙƙarfa, mai dabbare-dabbaren fari da toka. Kyau kam Allah ya ba shi. Abu ɗaya ne bai taɓa samu ba, wato wanda zai gaya masa abin da bai riga ya sani ba, don a ganinsa ba a haifi irin wannan halitta ba tukuna.

Su uku ne a rumfar. Akwai Gunya, tsohuwar goɗiya mai haƙuri, wadda ta ga damina goma sha shida kuma ba ta magana sai ta kama. Akwai kuma Duna, baƙin jaki, wanda bai taɓa musa wa kowa ba. In ka ce masa duwatsu suna tafiya, zai ce ai jiya ma ya yi karo da guda a hanya, muddin dai akwai sauran dusa a daronka.

Mai su wani dattijo ne manomin dankali, ana ce masa Baba Sallau. Duk ranar kasuwa Hurde yake hawa, shi kuwa Duna ya biyo su da buhuna. Gunya ta tsufa, sai dai 'yar tafiya ta kusa.

Da sanyi ya kama, sai Baba Sallau ya tsare su a rumfa, ya riƙa ba su harawa da dusa, ya kuma rufa wa kowa abin rufa. Na Gunya buhuna biyu ne da ya ɗinke da hannunsa. Na Duna buhu ɗaya ne mai huji a gefe. Na Hurde kuwa bargo ne na gaske, ja wur, mai kauri, da igiya a ƙirji da igiya a ciki. 'Yar Baba Sallau da ke aure a birni ce ta aiko wa tsohon don ya rufa, shi kuma ya ga dokinsa yana tari, ya yafa masa.

Hurde bai san wannan tarihi ba, da ma ya sani ba zai yarda ba. Shi a wurinsa an duba dawakin ƙasar nan kaf, an ga wanda ya cancanta, aka naɗa shi.

Haka aka yi wata huɗu. Rannan da yamma sai ga hadari ya taso daga gabas, aka ɗan yi ruwa, irin wanda ke jiƙa bayan ƙasa ya bar cikinta a bushe. Ƙamshin ƙasa ya cika rumfa. Bayan kwana huɗu, Hurde ya leƙa ta saman shinge, ya hango kwarin da ke ƙasan gari ya yi kore shar.

"Damina ta sauka!" in ji shi. "Gobe war haka ina cikin ciyawa."

"Ta sauka, ranka ya daɗe," in ji Duna. "Ni ma na ji saukarta."

Gunya ta ci gaba da taunar harawa.

Da gari ya waye Baba Sallau ya shigo kamar kullum. Ya cusa hannu ƙarƙashin abin rufar kowa ya ji ɗumin jikinsa, ya taɓa gindin kunnuwansu. Ya fita bayan shinge ya caka dunduniya a ƙasa, ya duƙa ya tsinko ɗan tsiro guda ya murje shi a yatsu, ya ɗaga kai ya daɗe yana duban sama.

"Da saura," in ji shi. Ya zuba musu harawa ya tafi.

Hurde ya buga kofato. "Da saura me? Ku ji tsohon nan! Ciyawa ta fito, rana ta fito, ni na shirya. Me kuma ya saura?"

"Babu abin da ya saura, ranka ya daɗe," in ji Duna. "Tsufa ne."

Gunya ta ɗago kai. "Ɗan nan, ka ga shamuwa ta zo ta sauka a kan tsamiyar can?"

"Ina ruwana da shamuwa? Ita za ta yi mini kiwo?"

"Ka ga shinge, garar nan mai fiffike, ya fito da yamma?"

"Inna, ni doki ne, ba kaza ba."

"To ji nan," in ji Gunya. "Ruwan nan na farko ba ya riƙe alkawari. Rana za ta yi zafi kamar ta ƙona ka, yamma ta yi ta juye da sanyi. Ciyawar nan kuma da kake hange, jaririya ce, ruwa ne zalla da zaƙi. Cikin da ya yi wata huɗu yana cin busasshe, in ka cika shi da ita lokaci ɗaya, kai da shi za ku yi faɗa. Shi ya sa Baba yake fara fitar da mu kaɗan-kaɗan, yau ɗan lokaci, gobe a ƙara."

"To shanun can fa?" Hurde ya nuna kwari da hanci, inda garken wani makiyayi ke kiwo. "Su ba ciki gare su ba?"

"Su a waje suka yi rani. Tun tana leƙowa suke tsintarta, cikinsu ya san ta."

Hurde ya yi dariya har bargonsa ya girgiza. "Wato saniya ta fi ni sanin ciyawa. Duna, ka ji?"

"Na ji, ranka ya daɗe. Abin kunya ne."

"Kai kuma," Gunya ta juya wajen jakin, "jiya da dare da na ce da saura, me ka ce mini?"

"Na ce gaskiyarki, Goggo. Ai jiya ke nan."

Washegari ma Baba Sallau ya ce da saura. Jibi ma haka. Kullum Hurde na tsaye a bakin shinge yana ƙirga bakunan shanu, yana jin duk loma ɗaya da suka yanka daga rabonsa aka cire. Harawa ta daina yi masa daɗi. Ya fara barin rabin dusarsa, Duna kuwa yana taimaka masa da ita, don kada ta lalace.

Ana haka sai rana ta fara zafi sosai. Baba Sallau ya shigo wata safiya da hantsi, ya cusa hannu ƙarƙashin buhun Gunya, ya ji danshi. "To," in ji shi, "daga yau da rana a tuɓe, da yamma a mayar." Ya cire wa Gunya, ya cire wa Duna, ya rataye a kan dirka. Gunya ta girgiza jiki ta yi ajiyar zuciya.

Da ya kai hannu ga igiyar jan bargo, sai Hurde ya kwantar da kunnuwa ya ja da baya.

"Haba Hurde, gumi fa kake yi."

Hurde ya juya masa baya ya ɗaga ƙafa. A ransa yana cewa, ka hana ni ciyawa, yanzu kuma za ka tuɓe ni a gaban jaki? A ina aka taɓa sauke mai sarauta don rana ta yi zafi?

Baba Sallau ya lallaɓa shi, ya yi masa magana mai daɗi, da ƙyar ya cire. Duk ranar nan Hurde bai ɗaga kai ba. Iska na shafa bayansa, yana jin daɗinta, yana kuma jin haushin cewa yana jin daɗinta. Da yamma ta yi aka mayar masa, sai ya yi rantsuwa a ransa ba za a sake ba.

Washegari ta zo daidai da ranar sunan jikan Baba Sallau a ƙauyen da ke bayan tsauni. Tsohon ya shigo da sassafe cikin fararen kaya, yana sauri. Ya tuɓe Duna, ya tuɓe Gunya, ya zo kan Hurde. Wannan karo Hurde bai tsaya ja da baya ba, ya kai masa cizo har ya kama hannun riga ya yage.

Baba Sallau ya dubi rigarsa, ya dubi dokin. "To, zauna da abinka. A inuwa kake dai. In na dawo da la'asar ma yi magana." Da ma Hurde ya yi niyyar hawa, amma ya fasa, ya ɗaura wa Gunya sirdi. Ya zuba dusa a daro biyu, ya ja ƙyauren rumfa ya saka sandar da ke tare shi.

Kafin su fita Gunya ta waiwayo. "Ɗan nan, iskar yau ba ta yi mini ba. Ka zauna."

"Sauka lafiya, Inna. A gai da mai jego."

Da ƙarar kofatonta ta ɓace, Hurde ya dubi ƙyaure, ya dubi Duna.

"Duna, an ce ka iya zare sandar nan da haƙori."

"Sharri ne, ranka ya daɗe. Sau biyu kawai na taɓa yi." Duna ya saci kallon daron Hurde, wanda ke cike fal. "Amma dai babba irinka, a ce sanda ce ta tsare shi, ai bai dace ba."

"To zare. Ka zo mu tafi tare, ka riƙa bina a baya."

Duna ya kama sandar ya ja, ta faɗi. "Da na so, ranka ya daɗe, amma wa zai tsare gida? Ga dusarka nan a buɗe, kaji za su ɓata ta."

"Ci abarka. Wanda zai ci ɗanyar ciyawa me zai yi da dusa?"

"Allah ya ƙara girma," in ji Duna, da baki cike.

Hurde ya fita. Wayyo daɗi! Ya yi haniniya, ya zuba sukuwa ya gangara kwari, jan bargo yana kaɗawa a bayansa. Bai tsaya ko'ina ba sai tsakiyar garken shanu, don a ganinsa bai kamata irin wannan fita ta wuce ba shaida.

Shanu suka ɗago kai suka zuba masa ido. Rana ta take tsaka, ko ƙadangare ya nemi inuwa, ga doki lulluɓe da bargo har wuya, gumi na tsiyaya ta ƙafafunsa.

Wata tsohuwar saniya ta raɗa wa ta kusa da ita, "Wannan zazzaɓi yake yi?"

"Da alama. Kin ga idonsa?"

"Ku janye 'yan maruƙa, kada ya shafa mana."

Garke ya dare biyu, kowa ya ja baya. Cikin ɗan lokaci suka haura tudu suka bar masa kwarin gaba ɗaya.

Hurde ya bi su da kallo, zuciyarsa ta yi fari. Ashe dai shanun nan suna da tarbiyya. Sun ga jan bargo, sun san abin da ya kamata.

Sai ya sunkuya. Ciyawar kuwa ba ƙarya, taushi gare ta da zaƙi, tana narkewa a baki tun kafin a tauna. Ya ci ta bakin rafi, ya ci ta gindin dutse, ya dawo ya ci wadda ya tattaka. Da ya ji ya ƙoshi, sai ya tuna kwana nawa shanu suka riga shi, ya ce sai ya rama. Zafi ya ishe shi, bargo ya manne a bayansa, igiyar ciki ta fara matse shi. Ya ce a ransa bargon ne ya shiga ruwa ya ƙanƙance. Ya je rafi ya sha ruwa mai sanyi har ya gaji, ya komo kan ciyawa.

Bai lura da lokacin da iska ta juya ba. Ɗagowar da zai yi, sai ya ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Kafin ya yanke shawarar ko ya ƙara loma biyu, ruwa ya kece, da ƙanƙara a ciki, tana dukan kunnuwansa kamar ana jifansa da tsakuwa.

Bargon da ya riga ya jiƙe da gumi ya sha ruwa ya ƙoshi. Ya yi nauyi kamar an ɗora masa buhun dankali uku, ya zame gefe guda ya naɗe masa ƙafar gaba. Sanyi ya ratsa shi har ƙashi. Ya juya zai haura gida, sai ƙafafunsa na baya suka nutse cikin taɓo.

A daidai nan cikinsa ya murɗa.

Hurde bai taɓa jin irin wannan ciwo ba. Kamar an kama hanjinsa ana matse wanki. Ya waiwaya ya dubi cikinsa, ya ga ya kumbura ya yi tam, igiyar bargo ta nutse a cikin fata. Ya kai haƙori zai tsinke ta, bai kai ba. Ya yi ƙoƙarin kwance ta ƙirji, ai wanda ya ɗaura ta da hannu ya ɗaura. Abin da ya yi cizo a kansa da safe, yanzu da zai sami mai raba shi da shi, da ya durƙusa masa.

Ya yi haniniya. Ba irin ta ɗazu ba, wata 'yar siririya ce mai rawa. Shanu na can kan tudu sun juya wa ruwa baya, ko waiwaye babu.

Ruwa ya ɗauke, iska mai sanyi ta biyo baya. Hurde ya fizge ƙafafunsa da ƙyar ya faɗi a gefen rafi, yana karkarwa, yana shure-shure. Ya tuna rumfa, da busasshiyar harawa, da hannun Baba Sallau mai ɗumi da ke shiga ƙarƙashin bargo kowace safiya. Sai a lokacin ya fahimci abin da hannun nan yake nema. Ya rufe ido, ya ce shi ke nan, a nan ungulu za su same shi.

Can a gida kuwa, Baba Sallau ya fake a ƙauyen suna har ruwa ya wuce, ya iso bayan la'asar. Ya tarar da ƙyaure a buɗe, daro biyu a lashe tas, Duna yana tsaye a lungu ya yi fuskar marayu.

"Ina yake?" Gunya ta tambaye shi.

"Wa? Au, Hurde? Goggo, na yi ta ba shi haƙuri. Na ce masa da saura."

"Sandar fa? Ita ta zare kanta?"

"Iska ce, Goggo. Kin dai ga iskar yau."

Baba Sallau ba ya jin maganar dabbobi, amma ya iya karanta shaidar haƙori a jikin sanda. Ya dubi Duna kallo ɗaya, ya ɗauki ragama da wuƙa, ya sake hawa Gunya. Ruwa ya shafe sawu, sai dai Gunya ba ta buƙatar sawu. Ta san inda idon Hurde ya kwana goma yana kallo. Tsohuwar da ta wuni a hanya ta gangara kwarin nan da sauri kamar budurwa.

Suka same shi kwance, laka ta rufe shi har ba a gane jan bargo. Baba Sallau ya dira, fararen kayansa suka shiga taɓo har gwiwa. Bai tsaya neman ƙulli ba, ya sa wuƙa ya datse igiyoyin biyu, ya janye bargon ya yar. Hurde ya ja numfashi mai tsawo. Inda igiyar ta bi duk ya saluɓe.

"Tashi," in ji Baba Sallau, yana saka masa ragama. "Tashi, Hurde!"

Hurde ya so ya yi birgima ko ciwon zai lafa. Tsohon ya ja ragama da duk ƙarfinsa.

"Kada ka yi birgima, ɗan nan," in ji Gunya a kunnensa. "In hanjinka ya juye, babu mai warware shi. Tashi ka jingina da ni."

"Inna, mutuwa zan yi."

"Wataƙila. Amma ba a nan ba. Tashi."

Ya tashi. Baba Sallau ya tuɓe babbar rigarsa ta suna, ya goge masa jiki da ita, ya yafa masa. Suka fara haurawa a hankali, tsoho a gaba, Gunya a gefe tana tokare shi da kafaɗa. Sau uku gwiwoyinsa suna lanƙwashewa, sau uku ana tashe shi. Shanu suka bi su da kallo daga tudu.

"Ba na faɗa muku ba?" in ji tsohuwar saniya. "Tun da na gan shi na san ba shi da lafiya."

Wannan karo Hurde ya ji ta sarai.

A gida Baba Sallau ya ɗaga masa kai ya ɗura masa man gyaɗa da ruwan kanwa mai ɗumi, ya goge shi da busasshiyar ciyawa har ya daina karkarwa. Sa'an nan ya riƙa zagaya tsakar gida da shi, zagaye bayan zagaye, bai bar shi ya kwanta ba. Rana na gab da faɗuwa sai cikin Hurde ya yi wata ƙara, iska ta fita da ƙarfin da ya sa kaji suka watse, zakara ya haye danga.

"Alhamdu lillahi," in ji Baba Sallau, ya zauna a kan turmi yana haki.

"Ko wannan ma ta manya ce, ranka ya daɗe," in ji Duna daga lungu.



Hurde ya tsira, amma ya sha jinya. Sanyin da ya shige shi ya zama tari, cikinsa ya yi kwanaki bai daidaita ba, ga gyambo a ƙirji da ciki inda igiya ta ci. Abin rufar da ya dace da shi yanzu shi ne wanda ba ya gogar ciwo, sai Baba Sallau ya ɗauko tsohon buhun Duna ya yafa masa da yamma.

Bayan kwana shida shamuwa ta sauka a kan tsamiya. Aka yi ruwa mai ƙarfi sau biyu, shinge ya fito kaji suka yi biki. Baba Sallau ya caka dunduniya a ƙasa, ya tsinko ciyawa ya ga ta kai tsawon tafin hannu ta yi ƙwari. Ya wanke buhunan Gunya ya ninke ya ajiye. Ya fitar da ita kwari ta yi ɗan lokaci ya dawo da ita, washegari ya ƙara mata, har ta kai ga wuni. Jikinta ya murje, gashinta ya fara sheƙi.

Hurde yana bakin shinge yana kallo, da harawa a gabansa.

Shi ma Duna bai ga kwarin ba. Ranar kasuwa ta zo, ba dokin hawa, Gunya kuma ba ta iya doguwar tafiya. Baba Sallau ya ɗora wa Duna buhunan dankali kamar kullum. Da suka sayar za su dawo, hanya duk hawa ce, sai tsohon ya ce ƙafarsa na ciwo tun ranar da ya shiga taɓo, ya ɗare bayan jakin. Haka aka yi kasuwa uku. Sauran ranaku kuma akwai taki da za a kai gona, kuma an sami sabuwar igiya an ɗaure shi nesa da ƙyaure, nesa da daron kowa.

Duna ya dawo wata yamma a gajiye, ya zube kusa da Hurde.

"Ranka ya daɗe, yaushe za ka warke?"

"Me ya sa? Ai ka ce babba irina ya kamata ya huta."

"Na ce haka?"

"Shekaranjiya."

Karo na farko a rayuwarsa Duna ya nemi abin da zai yarda da shi ya rasa.

Sai da aka yi kwana ashirin da uku sannan Baba Sallau ya shigo da safe, ya shafa bayan Hurde, ya duba gyambon ya ga ya bushe, ya kara kunne a cikinsa ya saurara. Ya saka masa ragama ya ja shi zuwa kwari. A lokacin kowace dabba a Tudun Gwaza ta riga ta ƙoshi, har akuyar maƙwabta ta yi ƙiba. Wanda ya so ya riga kowa shi ne na ƙarshe, ga shi a igiya, ga tabo biyu a jiki.

Ya sunkuya ya fara ci. Bai yi nisa ba tsohon ya ja ragama. "Ya isa na yau."

Ciyawa na nan shimfiɗe har bakin rafi, kore shar, ga yunwar kwana ashirin da uku. Hurde ya dube ta. Ya ɗago kai, da sauran ganye a leɓensa, ya juya ya bi bayan Baba Sallau.

Gunya na gefe tana kiwo. "Ɗan nan, har ka ƙoshi?"

"Ban ƙoshi ba, Inna," in ji Hurde. "Gobe ma dawo."

To yara, darasin da ke cikin abin da ya sami Hurde shi ne, lokaci ba ya zuwa don kun gaji da jira, kuma ba ya tsayawa don kuna son abin da ke jikinku. Hurde ya yi gaggawa inda ya kamata ya jira, ya yi taurin kai inda ya kamata ya saki, kwaɗayi ya ja shi gaba, girman kai ya riƙe shi baya, saura kaɗan su raba shi biyu. In wanda ya fi ku daɗewa a duniya ya ce ku dakata, ku tambaye shi me yake dubawa kafin ku ce tsufa ne. Kuma in kun sami abokin da duk abin da kuka faɗa sai ya ce gaskiyarku, ku duba da kyau ku ga inda idonsa yake kallo.